Sabon zuwa Ingila, kar ka wahalar da kanka kan Turancin BBC

Ɗan uwa sannu da zuwa. Na san abin da ke damunka yanzu, ka yi magana a shago ko wajen likita a ce ka maimaita, har ka fara tunanin sai ka iya irin Turancin masu karanta labarai kafin a ɗauke ka mutum. Kwantar da hankalinka.

Wancan lafazin na masu karanta labarai da ake kira RP (Received Pronunciation) ai masana ne suka tattara shi. Daniel Jones na jami'ar Landan ya fitar da ƙamus ɗin furuci a 1917, kuma bai ɓoye ba cewa maganar waɗanda suka yi makarantun kuɗi a kudancin Ingila ya rubuta, ba ta kowa da kowa ba. A 1926 BBC ta kafa kwamitin da zai riƙa faɗa wa ma'aikatanta yadda za su furta kalmomi, har marubuci George Bernard Shaw na ciki, sakatarensu kuwa Arthur Lloyd James, wanda ya taɓa yin rubutu kan furucin Hausa tare da Bargery mai ƙamus ɗin Hausa, ka ga ashe sun san da mu. Kwamitin ya watse a 1939. Yanzu sashen furuci na BBC yawanci sunayen mutane da garuruwa yake bi don kar a kwafsa a labarai. Shi kuwa masanin furuci John Wells da zai fitar da nasa ƙamus ɗin a 1990 sai da ya tambayi jama'a yadda suka fi son furta wasu kalmomi. Wato masanan ma bin bakin mutane suke, kuma masu RP ɗin tsiraru ne, ka je Libaful ko Gilasgo ka ji, wallahi wani sa'in Bature ma ba ya gane ɗan uwansa.

Abin da ya kamata ka gyara kaɗan ne amma fa da gaske. Na farko p da f, mu Hausawa nan muke faɗuwa, pan da fan ba ɗaya ba ne, haɗa leɓɓanka sosai in za ka ce p. Sai 13 da 30, ko 15 da 50, in maganar kuɗi ce ko lambar gida gara ka faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Sunayen garuruwa kuma kar ka yarda da rubutu, Leicester Lesta ce, Reading Redin, Worcester Wusta, in ka karanta yadda aka rubuta mai tikiti zai tsaya yana kallonka ne kawai.

Ƙamus ɗin Cambridge na intanet kyauta ne, akwai ɗan maɓallin lasifika, danna na Birtaniya ba na Amurka ba. Sunan unguwarku kuwa saurari sanarwar cikin bas ko ka tambayi direba. Kuma rage sauri in kana waya da asibiti ko banki, ka riƙa jero musu harufan sunanka.