Rawar bayan ƙofa: yadda nake sauke gajiyar keken ɗinki

Shekarata 11 ina zaman keken ɗinki. Duk telar da ta taɓa yin aikin Sallah ta san halin: wuya ya sandare, kafaɗa kamar an ɗora miki buhun gero, in kin tashi miƙewa sai kin dafa bango. Ni har da ƙuncin rai, yaro ya yi mini magana in hau shi da faɗa ba gaira ba dalili. Abin da ya sassauta mini shi ne rawa, amma ba irin ta gidan biki ba. A biki ido na kanki, kina tattalin ɗaurin ɗankwali, kina lura da wa ya yi liƙi wa bai yi ba. Wannan kuwa ba ɗan kallo, ba takun da za a haddace. Jiki ke gaba, ke kina biye.

Fara da neman lokacin da gida ya yi tsit. Nawa hantsi ne, yara sun tafi makaranta, masu kawo ɗinki ba su fara sallama ba. Sa sakata. Yafa wa madubi mayafi, domin da zarar kin hango kanki kin zama 'yar kallon kanki, sai ki shiga gyara. Waya kuma in ta kunna kiɗa ta gama aikinta, kife ta. Cire takalmi, cire safa. Wani hunturu na yi gangancin rawa da safa a kan tayil, santsi ya kwashe ni, kwana uku ina gasa ƙugu da ruwan zafi. Matsar da fanka da kujera, sassauta zani, kuma kada ki fara da cikin da ya ƙoshi da tuwo.

Kiɗa marar waƙa ya fi. In akwai baiti, hankali bin baitin yake ya bar jikin. Ni kiɗan ƙwarya nake sa wa, wani lokaci kalangu, ko da yake shi ma magana yake yi ga mai kunnen ji. Wadda ba ta sauraron kiɗa ba ta rasa komai ba: tafi ya isa, kamar yadda muke gaɗa a dandali muna yara. Akwai ranar da babu wuta, waya ta mutu, luguden maƙwabta da suke surfe shi na bi, kuma ta fi kowace rana daɗi.

Kada ki fara da rawar. Tsaya cik, ƙafa a ɗan buɗe, ja numfashi sau uku ta hanci, ki sake shi a hankali. Ji sanyin ƙasa a tafin ƙafarki. Sannan ki bi jikin ki gano inda nauyin yake yau. In kafaɗa ce, ita za ki fara juyawa, kaɗan kaɗan, har ta ja hannu, hannu ya ja haƙarƙari, ƙugu ya amsa. In ƙafa ce, yi ta taka ƙasa kamar mai kwaɓar ginin laka. Ba motsin da yake kuskure. Makon farko za ki ji kunya ke kaɗai a ɗaki, har ki ce wa kanki, uwar yara guda da wannan shirme? Ƙyale ta, da kanta take gajiya.

Ga inda aikin yake. Minti biyu ba za su cika ba hankali zai gudu: ɗinkin amaryar da ba ki haɗa ba, kuɗin cefane, maganar da aka gaya miki jiya wadda sai yanzu amsarta ta zo. Kada ki yi kokawa da tunanin. Ki lura dai cewa kin tafi, ki dawo tafin ƙafa, ki dawo numfashi. Zai sake guduwa, ki sake dawo da shi, kamar akuyar da ta saba shiga gonar mutane. Wannan dawowar ita ta raba rawar nan da tsalle-tsallen rage ƙiba. Kuma tana bin mutum waje: yanzu ina kan keke nakan ji lokacin da na cije haƙora ko na ɗage kafaɗa har kunne, in saki tun kafin ciwon kai ya sauka.

A tsakiya bari kiɗan ya ɗauke ki. Girgiza hannu, yarfe yatsu, karkaɗa duk jikin. Ma'aunin da nake bi shi ne in iya magana amma waƙa ta gagare ni, nan ne matsakaicin motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na irin wannan a mako. Ina yin minti 20 sau biyar, 100 ke nan, sauran tafiyar kasuwa da ƙafa ke cike shi. Mai farawa minti 5 ya ishe ta.

Wani lokaci hawaye kan zo ba sallama. Ya same ni watanni bayan rasuwar yayata, ina tsaka da juyi. Ban tsaya ba, na rage sauri kawai, daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Ashe masu lura da taɓin hankali sun daɗe da sanin wannan: tun 1942 wata malamar rawa, Marian Chace, ta fara aiki da majinyata a wani asibiti a Washington ta Amurka, kuma a 1966 aka kafa ƙungiyar masu yi wa majinyata magani da rawa a ƙasar. Amma rawar ɗaki ba ta maye gurbin likita. In damuwa ta hana ki ci da barci makonni, je asibiti. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu da mai ciwon gwiwa su fara tambaya tukuna. Jiri, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, tsaya nan take. A zafin bazara rage lokaci, ajiye ruwa kusa. Da azumi nakan bari sai bayan an sha ruwa.

Kada ki yanke rawar katsam. Rage motsin har ya koma lilo, sannan ki kwanta rigingine a tabarma minti biyu, tafin hannu a kan ciki, kina jin bugun zuciya yana komawa daidai. Sha ruwa, yaye mayafin madubi, zare sakata. Yawanci lokacin ne nake jin sallamar farko a zaure, wata ta zo karɓar ɗinkinta.