Shawara ga masu son shuka furen ziniya a Gombe

Jama'a, ku bari ruwa ya zauna tukuna, wajen tsakiyar Yuni. Ziniya asalinta furen daji ce daga Meziko, rana take so sosai. A shuka irin kai tsaye inda za ta zauna, zurfin rabin santimita, don ba ta son dashe. Cikin mako guda za ta tsiro. A rage cunkoso, a bar santimita 30 tsakaninsu.

In ta kai taƙi guda, a katse kanta ta yi rassa. Taki kaɗan ya wadatar, in ya yi yawa sai ganye babu fure. Farin gari a ganye kuwa cuta ce, cunkoso da rashin iska ke kawo ta. Ban ruwa a gindi, da safe. Mai awaki ya yi shinge tun wuri.