Tayar da tarakta a sanyin Kanada

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman sababbin zuwa aikin gona a Manitoba da Saskatchewan. Sanyin nan ya kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, kuma injin dizal ba ya tashi sai da zafi.

Tun da asuba ku jona hitar injin (block heater, wadda ke ɗumama injin kafin a tayar da shi) a wuta, ta yi kamar awa 3 kafin ku taɓa makulli. In kun murɗa, ku jira fitilar hitar filogi (glow plug, ƙaramar hitar da ke zafafa inda mai ke ƙonewa a cikin injin) ta mutu tukuna. Kada ku danne sitata fiye da daƙiƙa 15. In ta ƙi, a huta minti 1, don batir ma sanyi na rage masa ƙarfi.

Wanda ya fi damuna shi ne mai. Dizal ɗin rani yana da kaki a ciki, sanyi na daskarar da shi ya toshe filta, tarakta ta mutu a tsakiyar gona. Ku sha na hunturu, kuma ku cika tanki da yamma don kada raɓa ta taru a ciki.

Don Allah, injin da ke da hitar filogi kada a fesa masa sinadarin ether, wato feshin tayar da inji. Yana iya fashewa.

In tarakta ta tashi, a bar ta minti 5 kafin a ɗora mata kaya.