Yadda ake adana wasiƙun sojojin yaƙin Boma da karanta hatimin jikinsu

In dai kakanka yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma, wato runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma da suka tafi a 1943 da 1944, to ka fara da adakar tsohuwa tun kafin gara ta riga ka. Ka nemi izini tukuna fa, tsofaffi ba sa son a taɓa musu kaya.

In ka samu ambulan, don Allah kar ka ɓanɓare kan sarkin. Ni da kaina na yi wannan wautar ina yaro, na jiƙa ambulan a ruwa na cire kan Sarki Joji na shida na Ingila na jefar da sauran, ashe abin da na yar ɗin shi ne tarihin, kan sarkin kuwa irinsa ba iyaka.

Sai ka shimfiɗa ambulan ɗin kan tabarma ko tebur mai tsabta, hannu a bushe, ka ɗauki hoton gaba da baya da waya. Daga nan ka duba hatimin. Wasiƙar da ta fito daga fagen daga ba a buga mata sunan gari saboda sirrin soja, abin da za ka gani shi ne FIELD POST OFFICE, wato gidan wayan sojoji na fagen daga, da wata lamba da kwanan wata, wannan lambar ita masu bincike ke bi su gano inda rundunar take a lokacin, ko kwarin kogin Kaladan ne ko wani wuri a yankin Arakan na Boma. Wata ma ba kan sarki sam, an rubuta On Active Service, wato yana bakin aikin soja, a sama kawai, kar ka ce jabu ce.

Ka nemo tambarin masu tace wasiƙu shima, galibi da sa hannun hafsan da ya karanta kafin a liƙe. Sannan ka juya baya, wani sa'in gidan wayan Legas ko Kano sun buga nasu, ka ga sai ka lissafa kwana nawa ta yi a hanya.

Duk ka rubuta a littafi daban, har sunan sojan da lambarsa in akwai, amma kar ka yi rubutu a jikin ambulan ɗin. Salatif da gam kuwa ko kusa, in ya yage ka bar shi a yagen, ka sa shi tsakanin farar takarda a fayil, nesa da rana da laimar damina.