Yadda Za Ka Sa Baki Kafin A Yi Babban Aiki A Gandun Dajin Yankinku

A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dazuzzuka 10 gandayen ƙasa, har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina da fadamun Haɗeja a Jigawa. Da zarar daji ya shiga wannan sahu, kiwo da farauta da sarar itace duk doka ta hau kansu. To, mai gona a bakin daji ko mai burtali ta ciki, ina zai kai maganarsa?

Fara da bambance ƙofa. Rikicin iyaka ko mashaya na ofishin shugaban gandun ne, kuma ya fi kyau a je tare da dagaci ko arɗo. Amma babban aiki, irin hanya, madatsar ruwa ko haƙar ma'adinai, dokar EIA ta 1992 ce ta tilasta a auna illarsa ga muhalli kafin a sa diga, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke da hurumin amincewa.

Sai ka sa kunne. Idan rahoton auna illar aikin ya fito, ana sanarwa a jarida, a ajiye kwafe a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma na kwana 21 na aiki. Nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, don makiyayin da ke ruga ba ya sayen jarida. Ku wakilta mutum guda ya riƙa leƙa sakatariya.

Rahoton tuli ne, da Turanci, kada ya razana ka. Ku samu malamin makaranta ya buɗe muku taswira da babin da aka lissafa garuruwan da aka tuntuɓa. Sunan ƙauyenku yana ciki? Rafin da kuke sha an zana shi? Maƙabarta fa? An ce an gana da ku, to yaushe, da wa?

Daga nan sai rubutu, kuma shi ne ƙashin bayan aikin. "Ba mu yarda ba" kawai ba ta da nauyi. Ku ce shafi kaza bai ambaci burtalin da shanu ke bi zuwa rafi da rani ba, ga inda muke so hanyar ta karkata. A sa hannu ko a dangwala, mata masu ɗebo itace da ruwa ma su sa nasu, a aika wa Ministan Muhalli kafin wa'adi ya cika. Ku riƙe kwafe mai hatimin karɓa.

Ranar da kwamitin ƙwararru mai duba rahoton zai zauna a bainar jama'a, ku je da takardarku, ku nemi a rubuta abin da kuka faɗa. Bayan an fara aiki, in ɗan kwangila ya saɓa sharuɗɗan da aka gindaya masa, hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli ake kai wa ƙorafi.

Ko yana aiki? A 2016 gwamnatin Kuros Riba ta ƙwace filaye kilomita 10 a kowane gefen babbar hanyar da ta shirya ratsa dazuzzukan jihar. Mutanen Ekuri, masu zaune a dajin, da ƙungiyoyin muhalli suka yi ta kai koke a rubuce, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta mayar da rahoton a gyara, a 2017 kuma jihar ta janye ƙwacen.