Yadda Ake Rubuta Labarin Jami'a Wanda Halin Jarumi Ke Jan Ragamarsa

Labaran jami'a sun cika Wattpad da zaurukan WhatsApp, amma galibinsu hanya ɗaya suke bi: 'yar kirki ta shiga makaranta, ƙawaye suka hure mata kunne, ta lalace, ta yi nadama. Tun babi na biyu an san ƙarshe. Abin da ke hana mai karatu barci shi ne ganin mai hankali yana jefa kansa a rami, da dalilin da shi ma ya fahimta.

Mataki na farko: san kayan da jaruminka ya ɗauko daga gida. Wa ke biyan kuɗin rajistarsa? Sau nawa ya zauna JAMB, jarrabawar shiga jami'a? A ce ɗan fari ne, mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya tura shi, unguwa ta fara kiransa Likita, alhali gurbin da ya samu na wani fanni ne daban, ya kasa faɗa. Ba mugu ba ne, tsoron jin kunya ne rauninsa. Daga nan duk kurakuransa za su tsiro.

Mataki na biyu, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin: jera kurakuran daga ƙarami zuwa babba, kowanne ya haifi na gaba. Ya faɗi darasi biyu, ya ɓoye kari-oba, wato darussan da sai ya maimaita. Don ya huce haushi ya fara caca a waya da kuɗin cefane, sannan ya taɓa na rajista yana cewa zai mayar. Ya ci bashi don toshe ɓarakar. Ranar jarrabawa ya shiga da 'yar takarda a cikin safa. A kowane mataki ka bar masa ƙofar fita a buɗe, ya gan ta da idonsa, ya ƙi bi. Mahaifiyarsa ta kira bayan isha'i, yana zaune a bakin katifa, tukunyar taliya na tafasa a kan risho, ta ce, "Yaya karatu? Babu dai wata matsala ko?" Ya buɗe baki, ya ji muryar ƙannensa a bayanta, ya ce, "Lafiya lau, Inna." Wannan ɗan zancen ya fi shafi goma na wa'azi aiki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai ka nuna yadda aka haƙa shi.

Mataki na uku: ɗora labarin a kan jadawalin makaranta. Rajista, lakca, gwaji, karatun kwana, jarrabawa, ranar da aka liƙa sakamako a allo kowa na laluben lambarsa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya zaunar da ɗalibai wata takwas a gida. Ka duba halin mai ɓoye sirri a irin wannan zama. Wanda kuma ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa ake ba shi maimakon bautar ƙasa, don haka maimaita shekara ba wasa ba ne ga wanda ya shiga da girmansa.

Mataki na huɗu: san wurin. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da harabar Samaru da ta Kongo, kuma ɗalibin Samaru ya san ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. A Jami'ar Bayero akwai tsohuwar haraba da sabuwa a hanyar Gwarzo. Amma idan labarinka na da lakcara mai neman ɗalibai ko mai sayar da maki, ƙirƙiri taka jami'ar, kada ka shafa wa wani kashin kaji.

Mataki na biyar: abokin ɗaki da budurwa su ma ka ba su tasu buƙatar, kada su zama 'yan rakiya.

Mataki na shida: hukunci ya fito daga cikin laifin. Kada ka aiko da haɗarin mota ko ciwon ajali don ka huta. Wanda aka kama da satar amsa, gaban kwamitin ladabtarwa zai tsaya, sannan ya shiga mota ya je ya fuskanci mahaifinsa. Rubuta wannan zaman a zaure dalla-dalla, sannan ka koma babi na ɗaya ka duba ko raunin da ka dasa shi ne ya kawo shi nan. Inda ka ga ba shi ba ne, sake rubuta wurin.