Yadda Za Ka Bi Hukumomi Kafin Ka Sayi Fili ko Ka Yi Gini a Gefen Birnin Kano

Tsarin raya birnin Kano da aka zana domin shekarun 1963 zuwa 1983 ya daɗe da cika wa'adinsa, birnin kuwa bai tsaya jiran wani sabo ba. Gonakin da ke kewaye da Mariri da Panshekara da Danbare a ƙaramar hukumar Kumbotso, da na Bachirawa da Rijiyar Zaki a Ungogo, sun koma unguwanni, kuma da yawa daga cikinsu awon igiya ne, wato mai gona da dillalai ne suka yanka fulotai ba tare da hukumar tsara birni ta sa hannu ba. Wanda zai sa kuɗinsa a irin waɗannan wurare yana bukatar ya san wace hukuma ce ke da iko a kan me, domin ikon a rarrabe yake, kuma takardar wata ba ta maye gurbin ta wata.

Tambayar farko ita ce ko filin yana cikin yankin da gwamnati ta ayyana a matsayin birni. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon ayyana iyakar birni ta hanyar sanarwa a jaridar gwamnati. Abin da ya faɗa cikin wannan iyaka gwamna ne ke bayar da shi, abin da ya rage a waje kuwa sashe na 6 ya yarje wa ƙaramar hukuma ta bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a kansa, ko don noma ko don gidan zama, matuƙar bai haura hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin ganin gero da dawa a kewaye da fili ba ya nufin filin ƙauye ne a idon doka. Kumbotso da Ungogo suna cikin ƙananan hukumomi takwas da ake lissafawa a birni da kewayensa, don haka kafin ka amince da takardar ƙaramar hukuma ita kaɗai, ka je ma'aikatar ƙasa ta jiha ko hukumar KANGIS mai adana taswirar filaye, ka nemi a duba maka matsayin wurin. A wannan bincike ne za a gane ko gwamnati ta riga ta karɓe gonar ta biya diyya, ko an ware ta domin makaranta ko asibiti ko titi, ko kuma wani ya riga ya yi mata rajista da sunansa.

Akwai wani tanadi a dokar da dillalai ba su cika ambata ba. Sashe na 36, wanda ya amince wa manoman da ke riƙe da gonakinsu a wajen yankin birni tun kafin 1978 su ci gaba da riƙe su, shi ne kuma ya hana a yanka irin waɗannan gonaki zuwa fulotai. Gaskiya ne cewa an daɗe ana yi, hukuma kuma tana gani tana kawar da kai, amma mai saye ya sani cewa daɗewar al'ada ba za ta kare shi ba ranar da gwamnati ta waiwayo.

Bayan binciken ofis sai binciken unguwa, kuma a ganina wannan ya fi bukatar haƙuri. Ka je wurin mai unguwa da dagaci da kanka, ba tare da dillalin da ke jiran la'adarsa ba, ka tambayi asalin gonar da yadda ta zo hannun mai sayarwa. Idan ta gado ce, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka kuma tabbatar cewa magada mata da waɗanda ke zaune a wasu garuruwa sun san da cinikin, domin yawancin shari'un filaye da ke jan shekaru daga nan suke tasowa. Sa hannun mai unguwa a takardar ciniki shaida ce mai ƙarfi cewa an yi cinikin a bainar jama'a, amma ba izinin hukuma ba ne. Sashe na 21 ya ce sauya hannun mallaka ta gargajiya sai da amincewar ƙaramar hukuma, sashe na 22 kuma ya ce wadda gwamna ya bayar sai da yardarsa. Saboda haka ka kai takardar cinikin sashen filaye na sakatariyar ƙaramar hukuma idan filin nata ne, ka biya abin da aka yanka, ka karɓi rasiti mai tambarin hukuma, kada ka yarda da kuɗin da ake cewa a miƙa wa wani a bayan ofis.

Yanzu sai maganar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato faɗin hanya. A ranar da ake jan igiya ake yanke wa unguwa hukuncin yadda za ta rayu shekaru masu yawa. Mai gona yana son fulotai su yi yawa, don haka yakan matse layi har ya zama motoci biyu ba sa iya giftawa, sannan kowane mai gini ya ɗan ci taku ɗaya ko biyu da dakali ko ramin masai ko matakalar shago. Kafin a ankara, motar kashe gobara ba ta shiga, tankar ruwa ba ta shiga, idan an yi rasuwa sai a ɗauko makara a kafaɗa har bakin titi. Don haka ka tafi da ma'auninka ka auna hanyar da kanka, ka bi ta da ƙafa har ka ga inda ta haɗu da babban titi, domin akwai layukan da ke ƙarewa a katangar wani. Ka tambayi inda aka ware wa masallaci da makaranta da maƙabarta, da wurin da za a dasa taransifoma. Idan aka ce maka sai nan gaba za a duba, to ka sani ba a ware ba.

Haka nan ka duba inda ruwa ke bi. Mafi kyawun lokacin duba fili shi ne watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, lokacin da ƙasa ke nuna halinta. Fulotin da aka samar ta hanyar cike kududdufi da shara da ɓaraguzai yana da arha, amma ruwan da kududdufin ke tarawa a da bai san an sayar da wurin ba. Ka kuma ɗaga kai ka dubi sama, musamman a yankin Kumbotso inda babbar tashar rarraba lantarki take, domin an hana gini a ƙarƙashin manyan wayoyi, kuma layin da ke ɗauke da kilobolt 330 yana da haramin mita 50, wato 25 ta kowane gefe.

Idan ciniki ya faɗa, ka ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin ya kafa turakun siminti a kusurwoyinsa, sannan ka nemi izinin gini. A birnin Kano wannan aikin hukumar tsara birane ta jiha ne, wato KNUPDA, wadda ta gaji tsohuwar KASEPPA, ba na ƙaramar hukuma ba, kuma takan nemi shaidar mallaka da taswirar filin da zanen ginin. Ka jira amincewa a rubuce kafin ka zuba harsashi. Idan ka wayi gari ka ga jan fenti na gargaɗin hukuma a jikin katangarka, kada ka sa a shafe shi da siminti kamar yadda wasu ke yi, ka dakatar da magina ka je ofishin da takardunka. Rusau ɗin da aka yi a watan Yuni na 2023, wanda ya shafi shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, ya nuna cewa ko masu takardu a hannu kan shiga uku idan asalin filin na amfanin jama'a ne. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, diyyar da sashe na 29 ya tanada kuma ta ginin da aka yi ce da amfanin gona, ba ta farashin da ka sayi filin a kasuwa ba.

Bayan an tare a unguwa ne aikin ƙaramar hukuma ke fitowa fili. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata gina ƙananan tituna da kula da su, da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da raɗa wa layuka suna da sanya wa gidaje lamba. Shekaru da dama shugabannin ƙananan hukumomi suna fakewa da asusun haɗin gwiwa da jiha, amma a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma ko da aiwatarwa na tafiyar hawainiya, mazauna unguwa sun sami hujjar da za su riƙe.

Hanyar da ta fi yin tasiri ita ce a kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, a yi mata rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, domin takardar da ta fito daga ƙungiya mai rajista, da sa hannun mai unguwa, ta fi ta mutum ɗaya nauyi. A zaɓi bukata guda a rubuta ta dalla-dalla, misali kwalbati a mahaɗar layi kaza, ko magudana mai tsawon mita kaza, a haɗa da hotunan da aka ɗauka lokacin damina. A miƙa wa shugaban ƙaramar hukuma, a ba kansilan mazaɓa da shugaban sashen ayyuka kwafi, a kuma tabbatar an buga tambarin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da ƙungiya za ta ajiye. A yi hakan kafin watannin ƙarshen shekara da ake haɗa kasafin kuɗi, saboda aikin da bai shiga kasafi ba sai dai a yi ta jin alƙawari. Idan wani ya cinye hanya da gini, ƙorafi ya tafi KNUPDA, idan kuma ana zargin wani ma'aikaci da sayar da filin makaranta ko maƙabarta, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. Ranar da ɗan kwangila ya iso kuwa, ƙungiya ta wakilta mutum biyu ko uku su riƙa zuwa wurin aikin, su nemi a nuna musu faɗi da zurfin da aka rubuta a takardar kwangila, su kuma bi magudanar har ƙarshenta su ga inda za ta zubar da ruwan kafin a fara zuba kankare.